Kafin Zare Ya Ruɓe: Yadda Ake Ceto Muryoyin Makaɗan da Suka Kwanta a Tsofaffin Kaset

Shekaru da dama mai sauraron rediyon gwamnati a Nijar yana jin wani kiɗa da ba a cika gaya masa sunan mai shi ba. Idan shiri ya ƙare ana jiran na gaba, ko talabijin ta ɗan dakata kafin labarai, sai a sako shi. Kiɗa ne zalla babu waƙa, na wata na'ura mai madannai irin wadda yau ake kira fiyano, yana tafiya a hankali yana bin karin waƙoƙin Fulani Wodaabe da na Buzaye. Yara sun tashi da shi, manya sun tsufa da shi. Mai kiɗan kuwa yana cikin Yamai yana harkokinsa, sunansa Mamman Sani Abdoulaye.

A shekarun 1970 Mamman Sani yana aiki da hukumar UNESCO, aikin da ya riƙa kai shi tarurruka a ƙasashen waje. A wurin wani taro ne ya ga wani wakilin Ruwanda da wata na'urar kiɗa ƙirar Italiya mai suna Orla, ya yi ta lallashinsa har ya sayar masa. A 1978 ya shiga da ita ɗakin ɗaukar sauti na rediyon ƙasa, aka naɗi kiɗansa, ma'aikatar al'adu ta shirya fitar da shi a kaset don nuna wa duniya sabon kiɗan Nijar. Shirin bai yi nisa ba. Kaset kaɗan ne suka fita, sauran magana ta bi ruwa, kiɗan ya ci gaba da yawo a iska ba tare da sunan ubangidansa ba.

Bayan shekara talatin da 'yan kai wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa ƙaramin kamfanin faifai na Sahel Sounds a birnin Portland, yana tonon tsofaffin kaset a wani ɗakin ajiya a Yamai ya ci karo da guda ɗaya. Ya nemi mai shi, ya same shi da rai da lafiya, suka daidaita. A 2013 aka sake fitar da kiɗan da sunan La Musique Électronique du Niger, daga baya aka bi da wasu faifan daga cikin abubuwan da Mamman Sani ya naɗa a shekarun 1980 ya ajiye a gida. Mutumin da ƙasarsa ta daɗe tana shan kiɗansa, sai ga shi yana hawa dandali a biranen Turai. Kamfanin ya yi irin wannan da ƙungiyar Azna de l'Ader ta Tawa, masu jita irin ta zamani a tsakiyar ƙasar Adar, waɗanda aka tattaro tsofaffin kiɗe-kiɗensu aka fitar da su a faifai mai suna Zabaya.

Labari ne mai daɗin ji, amma in aka duba shi da kyau akwai abin tsoro a ciki. Abin da ya ceci kaset ɗin sa'a ce: wani baƙo ya buɗe wani kwali, zaren bai riga ya lalace ba, mai kiɗan bai riga ya rasu ba. Abu uku suka haɗu a rana ɗaya. A ɗakunan ajiya na gidajen rediyo daga Sakkwato zuwa Damagaram, da akwatunan ƙarfe da ke ƙarƙashin gadajen tsofaffi a Funtuwa da Maraɗi, akwai muryoyin da ba lallai ne irin wannan sa'a ta faɗo musu ba.

Yadda zare ke mutuwa

Zaren kaset abu uku ne a haɗe. Akwai siririyar ledar da ke ƙasa, akwai garin ƙarfe mai laushi wanda maganaɗisu ke jera shi daidai da sautin da aka ɗauka, sannan akwai danƙon da ke riƙe garin a jikin ledar. Danƙon nan shi ne lagon abin. Idan ya daɗe yana shan danshi sai ya saki, zaren ya riƙa mannewa da juna, in aka ɗora shi a na'ura sai ya yi ta ƙara yana barin baƙin gari a kan ƙarfen da ke karanta shi. Wannan garin da ke zuba, waƙar ce ke zuba, kuma abin da ya zube ba ya komawa.

Masu gyara sun gano dabara: sukan gasa irin wannan zare a wani murhu na musamman, a zafin digiri 50 da ɗan wani abu, na sa'o'i masu yawa, wani lokaci har kwanaki. Danƙon sai ya sake kamawa na ɗan lokaci, a yi maza a kwafe sautin kafin ya koma yadda yake. Amma ba kowane zare ake gasawa ba. Tsofaffin zaruruwan shekarun 1950 da 1960 da yawansu an yi su ne da wata irin leda da ke bushewa ta yi ta karyewa, wadda idan ta fara lalacewa ake jin warin tsami da zarar an buɗe kwalinta. Wanda ya sa irin wannan a murhu ya ƙarasa ta. Shi ya sa aikin ke bukatar wanda ya san zare da hannu da hanci.

Ƙasar Hausa tana da ɗan rangwame ta wani ɓangare, domin bushewar iska tana rage fumfuna da danshi waɗanda ke cinye faifai a biranen bakin teku. Ta wani ɓangaren kuma babu sauƙi. Zafin bazara a ɗakin da ba fanka yana lanƙwasa zare, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina ta kankare shi, rufin da ke yoyo da damina ya isa ya gama da kanta guda cikin dare. Gara ba ta cin zare, kwali take ci, kuma a jikin kwalin ne aka rubuta sunan mawaƙi da rana da wurin da aka ɗauka. Ga kuma wata ɓarnar da ba ta yanayi ba: gidajen rediyo a duniya baki ɗaya, har da BBC, sun sha goge tsohon abu su naɗi sabo a kansa saboda tsadar zare.

Na'urorin su ma suna ƙarewa. Kamfanoni irin su Studer da Ampex, waɗanda suka ƙera manyan na'urorin da gidajen rediyo ke juya faifan zare da su, sun daɗe da daina ƙera su. Wanda tasa ta lalace sai dai ya farke wata ya ciro abin gyara. Injiniyoyin da suka iya saita su sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. A 2019 UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyan sauti ta duniya, IASA, suka yi shelar gargaɗi cewa daga wajajen 2025 samun na'urar da za ta karanta zare yadda ya kamata zai yi wuya ƙwarai. Ba suna nufin faifai za su mutu rana guda ba ne. Suna nufin kowace shekara aikin zai ƙara tsada, masu iya shi su ƙara raguwa.

Abin da aka tono a Konakiri

Wanda ke son ganin yadda ake yin aikin tun daga tushe har ƙarshe, ya dubi Gini. Da ƙasar ta sami 'yanci a 1958, Shugaba Ahmed Seku Ture ya mayar da kiɗa aikin gwamnati. An kafa ƙungiyoyin makaɗa a kowane yanki, an saya musu kayan kiɗa, waɗanda suka yi fice aka mayar da su na ƙasa ana biyan su albashi, aka kuma umarce su da su bar kwaikwayon kiɗan Turawa su koma ga na iyayensu. Daga nan Bembeya Jazz suka fito, da Keletigui et ses Tambourinis, da Balla et ses Balladins, da Les Amazones de Guinée, ƙungiyar mata jandarmomi, da kuma babban mawaƙi Sory Kandia Kouyaté. Gwamnati ta kafa kamfanin faifai nata mai suna Syliphone. Sai dai abin da ya fita a faifan garmaho ɗan kaɗan ne a kan abin da aka naɗa a ɗakin rediyon ƙasa. Sauran duk suna kan manyan faifan zare a Konakiri.

Seku Ture ya rasu a Maris 1984, sojoji suka karɓi mulki ƙarƙashin Lansana Konte, kuma sababbin masu mulki ba su da sha'awar waƙoƙin yabon tsohon shugaba da jam'iyyarsa. A Yuli 1985, lokacin yunƙurin juyin mulkin Kanar Diarra Traore, aka yi ruwan wuta a kan ginin rediyon, wani ɓangare na ajiyar ya salwanta. Abin da ya tsira ya zauna shekara ashirin da wani abu yana shan danshin bakin teku.

Wani ɗan Ostireliya masanin kiɗan Afirka ta Yamma, Dokta Graeme Counsel, shi ya ɗauki aikin, da tallafin Shirin Ceto Ma'ajiyoyin da ke Cikin Haɗari na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya. A 2008 ya fara da tattaro dukkan faifan garmahon Syliphone, waɗanda ita kanta Gini ba ta da cikakken jerinsu, ya miƙa kwafinsu ga ɗakin karatu na ƙasa. Ya koma a 2009, aikin ya katse bayan kisan gillar da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga a filin wasa na Konakiri ranar 28 ga Satumba. Ya sake komawa a 2012 ya kammala a 2013. Faifan zare sama da dubu ɗaya ya bi ɗaya bayan ɗaya, ya fito da waƙoƙi fiye da 9,000.

A lura da kalmar ɗaya bayan ɗaya. Zare ba ya karɓar gaggawa. Faifan da ke ɗauke da sautin sa'a guda, sa'a guda zai ci yana juyawa, ban da lokacin share shi, da liƙe inda ya tsinke, da rubuta abin da ke jikin kwalinsa. Ba a tura shi kamar yadda ake tura waƙa daga waya zuwa waya.

Abin da ya fito daga ɗakin ya gyara wa mutane fahimtar tarihi. Counsel ya lura cewa Fulani, duk da yawansu a Gini, kasonsu a faifan Syliphone ɗan ƙanƙani ne, abin da ya yi daidai da yadda gwamnatin Seku Ture ta riƙa kallon su da zargi, musamman bayan 1976. A kan faifan zaren kuwa sai ga waƙoƙin mawaƙan Fulani da duniya ba ta taɓa ji ba. Wanda ya tsaya ga abin da gwamnati ta buga kaɗai, zai ɗauka kiɗan ƙasar bai wuce nan ba.

A Somaliya kuma wuta aka tsere wa. A 1988, da jiragen yaƙin gwamnatin Siad Barre suka tasar wa birnin Hargesa, ma'aikatan rediyon garin suka kwashe kaset da faifai, wasu suka binne su a ƙasa, wasu aka tsallaka da su Jibuti da Habasha. Dubbai daga cikin irin waɗannan kaset suna hannun Gidauniyar Al'adu ta Red Sea a Hargesa yanzu, kuma daga cikinsu ne kamfanin Ostinato ya zaɓo waƙoƙin da ya fitar a 2017 da sunan Sweet as Broken Dates, faifan da ya shiga jerin masu takarar lambar Grammy. Ma'aikatan da suka haƙa ramin nan ba su da tallafin kowa. Sun dai san darajar abin da ke hannunsu.

Namu na ina?

Ƙasar Hausa ba ta rasa abin ceto ba. Tun 1962 da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya koma Rediyon Tarayya na Kaduna a 1978, makaɗa ke shiga ɗakin ɗaukar sauti suna fita. Haka a gidajen rediyon Kano da Sakkwato da sauran jihohi, haka a Muryar Sahel ta Nijar. Ta wannan hanya ce muryar Ibrahim Narambaɗa da kotsonsa ta wuce fadar Isa, ta Salihu Jankiɗi ta wuce fadar Sarkin Musulmi, ta Ma'azu Ɗan Alalo ta wuce Damagaram. Musa Ɗanƙwairo, Sa'idu Faru, Ɗan Anace da waƙoƙinsa na 'yan dambe, Kassu Zurmi, Haruna Uji da gurminsa, Hassan Wayam da kukumarsa, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, Barmani Choge da ƙwaryarta, dukkansu sun bar murya a kan zare. Akwai kuma abin da manazarta suka ɗauka: David Ames ya naɗi kiɗe-kiɗe a ƙasar Zazzau a 1963 da 1964, aka fitar da wasu a jerin faifan UNESCO, shi da Anthony King kuma suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da cibiyar nazarin tarihin baka ta CELHTO a Yamai duk sun tara nasu.

Amma akwai wani abu game da waƙar baka ta Hausa da ya sa lissafin ya bambanta da na ƙasashen da mawaƙi ke shiga ɗaki ya rera waƙa sau ɗaya a buga ta dubu. Makaɗin Hausa ba ya maimaita waƙa daidai da yadda ya yi ta jiya. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, shi kansa bai riƙe adadin waƙoƙinsa ba, kuma waƙa ɗaya in ya yi ta a Kano ya sake yin ta a Katsina, gindinta ne kawai zai zama ɗaya. 'Ya'yan waƙar sukan canza gwargwadon wanda ke zaune a wurin, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya yi rowa, da abin da ya faru a garin a makon. Ke nan kaset ɗin da wani ɗan kasuwa ya ɗauka da rikodarsa a wurin bikin ƙanwarsa a 1979 ba kwafin wani abu ba ne. Shi kaɗai ne a duniya. Idan jikokinsa suka share ɗaki suka zubar da shi, an rasa wasan wannan daren gaba ɗaya.

Kuma abin da ke ciki ya wuce nishaɗi. Waƙar fada tana jera sarakuna da iyayensu da garuruwan da suka riƙe. Waƙar Shata tana ɗauke da sunayen direbobi da dillalai da 'yan siyasa da matan gari waɗanda babu wata takardar gwamnati da ta san da zamansu. Waƙar noma tana faɗin wanda ya yi dame dubu a wane ƙauye. Waƙar amada tana faɗin abin da mata ke faɗa a cikin gida lokacin da ba mai rubuta maganarsu. Ga tsohuwar Hausa ta Gobir da Zamfara da Adar, da kalmomin da yaran yanzu ba su taɓa ji ba. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun ɓata shekaru suna juyar da waɗannan waƙoƙi daga kaset zuwa takarda, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma suka fitar da babban littafin tarihin Shata a 2006. Aiki ne da ya cancanci jinjina. Sai dai takarda tana riƙe kalmomi ne kawai. Ba ta riƙe yadda kalangu ke amsa wa mawaƙi, ko inda 'yan amshi ke shigowa, ko guɗar da ta tashi a tsakiyar baiti.

Gaskiya ce da ya kamata a faɗa: waɗanda suka fi kowa ceto waƙoƙin Hausa ya zuwa yanzu ba hukumomi ba ne, 'yan kasuwa ne. Masu sayar da kaset na Ƙofar Wambai a Kano, waɗanda masani Brian Larkin ya yi nazarin sana'arsu, sun yi ta kwafar waƙoƙi suna bazawa har Agadas da Kumasi da Sudan. Da kaset ya ja baya, masu tura waƙa a waya suka gaje su, suka mayar da abin da suka samu cikin katin waya, daga nan ya hau YouTube da Facebook da zaurukan WhatsApp na masoya tsofaffin waƙoƙi. Ba don su ba, da matashin yau bai san muryar Narambaɗa ba.

To amma wace murya ya sani? Kaset ɗin kasuwa kwafi ne na kwafi na kwafi, kowane zubi yana ƙara shuuu yana rage kaifin sauti. Rikodar da batirinta ya yi sanyi lokacin ɗauka tana sa murya ta fito a sirance da sauri idan aka saurara daga baya, wadda ke gudu fiye da ƙima kuma ta sa ta yi nauyi. Aka zo aka matse wannan a tsarin MP3, wanda dama yana zubar da wani ɓangare na sauti don ya rage nauyi. Da yawa daga cikin abin da ke yawo a wayoyi inuwar waƙar ce kawai, alhali mai yiwuwa asalin zaren, mai tsabta, yana kwance a kan kanta a wani ofis.

Suna ya fi zare saurin ɓacewa

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce ta suna. Duk wanda ya saba neman tsofaffin waƙoƙi a intanet ya san yadda ake liƙa waƙar wani ga wani, a sa hoton da ba na mawaƙin ba, ko a rubuta “tsohuwar waƙa” kawai a wuce. Ba shekara, ba gari, ba bayanin wanda aka yi wa. Su kuwa 'yan amshi da makaɗan da ke bayan mawaƙi, waɗanda rabin daɗin waƙar nasu ne, kusan ba a taɓa ambaton su ba.

Injiniya zai iya gasa zare ya fito da sauti, amma ba zai iya gaya maka wane ne ke riƙe da kalangu a wannan daren ba, ko wane Alhaji ne ake zambo, ko me ya haɗa su. Masu wannan sani tsofaffi ne: sauran 'yan amshin da suka rage, 'ya'yan makaɗan da suka riƙa bin iyayensu yawo, sanƙirori, fadawa, direbobin da suka ɗauki ƙungiya zuwa wasa, da tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka riƙe makirfo. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Waɗanda suka zauna da su suna bin bayansu kowace shekara. Zaren da aka adana a ɗaki mai sanyi zai iya jira wasu shekaru. Dattijo mai shekara tamanin ba a yi masa wannan alkawari.

Saboda haka aikin da aka yi shi da kyau hawa biyu ne, kuma tare ya kamata su tafi. A ɓangaren na'ura, ana duba zare a share shi, a ɗauki hoton kwalinsa gaba da baya, a saita ƙarfen karatu ya yi daidai da yadda aka naɗa, a tabbatar da gudun juyawa, sannan a kwafe shi cikin kwamfuta a tsarin WAV wanda ba ya zubar da komai. Wannan kwafin na farko ba a taɓa shi, ba a “wanke” shi, ko da akwai ƙara. In ana son mai daɗin saurare sai a yi wani daban daga jikinsa. A ɓangaren mutane kuwa, ana ɗaukar sautin a kai wa waɗanda suka sani, a zauna a kunna, a bar su su yi gardama, a rubuta abin da suka faɗa da sunan wanda ya faɗa. Wannan ɓangaren bai bukatar na'ura daga waje. Ɗalibin sashen Hausa da littafin rubutu da kuɗin mota ya isa ya fara.

Sai maganar haƙƙi, wadda ba a son tayarwa amma dole ne. Abin da ya sa labarin Mamman Sani ya yi armashi shi ne an neme shi an yi yarjejeniya da shi, kuma an san Sahel Sounds da raba riba biyu tsakaninta da makaɗa. Ba haka abin yake ga yawancin namu ba. Waƙoƙin manyan makaɗa suna tara masu kallo a shafukan da ake saka talla, iyalansu kuwa sau da yawa ba su ga ko sisi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ta kare sautin da aka naɗa shekara 50. Duk mai niyyar buɗe ma'ajiyar waƙoƙi ya kamata ya fara da ƙwanƙwasa ƙofar magada, domin yardarsu ce za ta sa su fito da abin da ke cikin nasu akwatunan, wanda sau da yawa ya fi na rediyo daraja.

Akwai masu fargabar cewa idan baƙi suka shigo da kuɗi da na'ura, dukiyar za ta koma waje. Fargabar tana da tushe, tarihi ya nuna. Shi ya sa ƙa'idar shirin Birtaniya da ya tallafa wa aikin Gini ta tanadi cewa asalin kayan ba ya barin ƙasarsa, kuma a bar cikakken kwafi a hannun wata cibiya ta gida. An ga amfanin wannan a Oktoba 2023, lokacin da masu kutse suka afka wa kwamfutocin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, shafukansa suka rufe, masu sauraro a duniya suka yi watanni ba su iya kaiwa ga sautukan da ke ciki ba. Idan irin wannan gida zai iya durƙushewa, to kwamfuta guda a ofishin darakta ba ma'ajiya ba ce. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari daban, ana duba su lokaci-lokaci ana sauya musu mazauni kafin na'urar ta tsufa. Kuma ba a zubar da zaren asali don an kwafe shi.

Kuɗin ma ba wai babu hanyarsa ba ne. Ban da shirin Birtaniya, Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles tana gudanar da wani tun 2018, da tallafin gidauniyar Arcadia, wanda ya keɓanta ga kayan tarihi na ƙarni na 20 zuwa yau, har da sauti. Yana da ƙaramin tallafi na share fage da babba na kwafewa. Ƙaramin an yi shi ne don abu guda: a shiga ɗakin, a ƙirga abin da ke ciki, a rubuta ko kaset ne ko faifan zare, wane hali yake ciki, me aka rubuta a jikin kwalinsa, wa ke da haƙƙinsa. Kowane gidan rediyo na jiha ko sashen jami'a zai iya fara wannan jerin da ma'aikatan da yake da su, musamman in ya gayyato tsofaffin ma'aikatansa da suka yi ritaya, tunda rubutun da ke jikin kwalayen nasu ne, su ne kuma za su iya karanta inda tawada ta dushe.